Furar da Illa Ya Sha Ranar Fiɗa

Salamu alaikum masu karatu a salula, na gida da waɗanda ci-rani ya kai nesa. Ni ne Shekara, mai goron nan na bakin ƙofar asibiti a Matameye. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma abin da idona ya gani ba kowane mai biro ne ya gan shi ba. Na ga yunwa, na kwana a kan tafasa ba gishiri. Mota ta kife da mu a hanyar Kano, aka jera mutane a bakin titi, ni na tashi na karkaɗe rigata. Sau biyu aka buɗe cikin nan nawa aka ɗinke. Tsararrakina duk sun tafi sun bar ni, yau ko wanda zan ce wa "ka tuna" babu. To ba labarina na kawo muku ba. Na jikata ne Najaha, da yardarta. Abin da ya faru a gabana na gani da idona, wanda ya faru a zuciyarta kuma ita ta zauna ta faɗa mini.

Najaha jikar yayana ce, Allah ya jiƙansa. Doguwa ce, mai shiru, irin waɗanda ko dariya za su yi sai sun kai gefen mayafi baki. Mijinta Munkaila ya tafi Legas ci-rani, zazzaɓi ya kama shi, can aka rufe shi. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, murya kawai ta ji a salula. Da ta fita takaba ta goyo ɗanta Illa ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗakin da ake ajiye buhunan gyaɗa. Gadon aurenta na nan a kwakkwance jingine da bango, kwanukan jerenta ɗaure cikin buhu don ba wurin jera su. Tabarma, ƴar siririyar katifa, fitilar caji, sai ƙusa guda da take rataye hijabinta mai ruwan toka. Da safe ta soya ƙuli-ƙuli, da yamma ta ɗura mai a kwalabe. Ƙawayenta kowacce na ɗakin mijinta. In ka shiga gidan za ka ji hayaniya ko'ina, ban da ƙofar ɗakin nan.

Illa ɗan shekara uku ne, ƙaba gare shi. Kumburi ne a matsematsinsa, in ya yi kuka ko tari ya fito kamar ƙwan zabo, in ya kwanta ta lallaɓa da yatsa ya koma. Likita ya ce mata hanji ne ke saukowa, wata rana zai sauko ya ƙi komawa, in ya shaƙe kuwa sai abin da Allah ya yi. Maganinsa fiɗa.

Ta yi ta zarya zuwa wani babban asibiti can cikin birni. A lokacin tsarin ɗaya ne: kowa ya zo da sassafe, yaro ba ci ba sha. Sai ka ga uwaye cike da baranda, jarirai da manyan yara duk a cakuɗe, kowa na kuka, ba wanda ya san wa ke gaba. Ta zauna har rana ta take, sannan a leƙo a ce ai ba a yi wa ɗanta gwajin jini ba, ta je ta yi ta dawo wata rana. Ta dawo wata ranar, a ce yana tari. Akwai zuwan da har an tuɓe masa riga, sai aka shigo da mutanen da mota ta buge, aka ce kowa ya koma gida. Wanda aka mayar kuwa ƙarshen layi yake komawa. Ta dawo Matameye da yamma, yaron ya galabaita a bayanta, ta zo teburina ta tsaya.

"Amarya, an yi?" Haka nake kiranta, wasan kaka da jika.

"Ba a yi ba, Kaka."

"To kwantar da shi nan in yi masa da wuƙar goro. Ni da aka yanka sau biyu ai na koyi aikin."

Ta ja mayafi baki, amma idon bai yi dariyar ba.

Ana cikin haka Sallau ya fito nemanta. Mutumin Kance ne, mai shayi a Abuja, rani can damina gida. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, ita da abin cikin, bai taɓa riƙe ɗa nasa ba. Ba mugu ba ne, in ji ni da na ga mugaye iri-iri. Yakan zo zance a kan jan motonsa, wato babur, shadda ruwan ƙasa, hula a karkace, ƙamshin turare tun daga zaure. Amma ba shaddar ce ta kama Najaha ba. Saƙon murya ne, wanda yaran yanzu ke ce wa bokal. Kullum bayan azahar sai ya shigo:

"Maman Illa, kin ci abinci kuwa? Ba yaron nake tambaya ba, ke nake tambaya."

Ta ce mini sai ta shige ɗaki ta zauna a kan buhu, ta kara salular a kunne ta saurara, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Tun rasuwar Munkaila ana tambayarta jikin Illa, ana tambayarta ko man ya tatsu. Ita ba wanda ya tambaya.

Sallau na so a ɗaura aure kafin ya koma, ga shi an gama girbi, motocin ƴan ci-rani sun fara lodi a tasha. Najaha ta ce sai an yi wa Illa fiɗa. Nan uwarta, Inna Zuhra, ta tasa ta gaba.

"Ke wace iri ce? Mutum ya zo da niyyarsa, ya ce ya ɗauke ki ke da ɗanki, kina ta ja masa rai. Zawarawa nawa ne a unguwar nan da ko kare bai leƙa zaurensu ba?"

"Inna, ba ƙi na yi ba."

"To mene ne? Ɗakin gyaɗar ne ba kya son bari?"

"In na shiga ɗakin mutum da ciwon nan, ranar da abin ya shaƙe shi yana Abuja, wa zan kira?"

"Yanzu wa kike kira?"

Nan Inna ta faɗi gaskiya, don babu.

Sai labari ya zo likitocin yara masu fiɗa za su sauka a Matameye na ƴan kwanaki. Aka ba Majo Basira aikin tsara yaran. Ita ce shugabar masu jinya a ɗakin yara, gajeruwa, tabarau a goshi, tana tafiya kamar ana binta. Tun kafin likitoci su iso ta sa aka yi wa kowane yaro gwajin jini, mai tari aka ba shi magani ya warke a gida. Kowa ta yanka masa ranarsa ta kira shi a salula, ba wai ƙauyuka duka su taru rana ɗaya ba. Ƙanana da safe don ba sa jure yunwa, manya su biyo baya. Kuma kullum akwai yaro guda zaune a shirye bakin ƙofa, ana fito da wani ana shiga da shi, kada likita ya tsaya hannu sake ana yawon neman uwar wane. Ina bakin ƙofar nan tun ana kawo marar lafiya a kan jaki, ban taɓa ganin layi na tafiya haka ba.

Illa ya faɗo a ranar ƙarshe. Jajibirin ranar, da la'asar, Majo ta tara uwaye a gindin darbejiya, ta ɗaura wa kowane yaro jan ƙyalle a hannu.

"Ku ji da kyau," ta ce. "Mai wannan ƙyallen bakinsa a rufe yake. Daga lokacin da na faɗa wa kowacce, ba tuwo, ba koko, ba nono, ba 'ai ɗan kaɗan ne'. In muka sa masa maganin barci abin da ke cikinsa tasowa yake, kuma mai irin barcin nan ba ya iya tari. Huhu abin yake wucewa. Na ga yaron da ya shigo da ƙafarsa, ƴar ludayin koko ta hana shi fita da ita. Wadda ɗanta ya ci wani abu ta faɗa mini, ba dukanta zan yi ba."

Wata mata daga Dungu, mai bakin magana, ta ce, "Majo, in muka faɗa ai korarmu za ki yi."

"Ke dai ki faɗa."

Iyakar amsar ke nan. Najaha kuwa abin da ta sani shi ne abin da ta gani a birni: wanda aka mayar ya koma ke nan.

Da gari ya waye ta yi wa Illa wanka, ta sa masa ƴar rigar sallarsa. Ita ta ɗaura atamfa shuɗiya da ta daɗe a ƙasan akwati, ta zura hijabin nan mai ruwan toka. Su ne na biyu a layi. Yaro sai kuka yake, "Umma, koko. Umma, koko." Ita ma ko ruwa ba ta kai bakinta ba don kada ya gani. Matan da ke kan bencin kowacce da nata: wannan mijinta na tsaye riƙe da takalman yaro, waccan uwarta na mata fifita. Najaha ita da jakar ledarta.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga Sallau ya kafe moto a gefen teburina, baƙar leda a hannu.

"Kaka, ina kwana?"

"Kai ne mai ƙwace mini amarya? Ka ci sa'a ƙarfina na da ya tafi. Wuce, suna baranda."

Najaha ta ce da ta hango shi sai da ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗarta. Duk zaryar nan da ta yi, ba a taɓa zuwa an zauna kusa da ita a asibiti ba. Ya gaishe da matan, ya zauna nesa kaɗan yadda ya kamata, ta ji suna kallonsa suna kallonta, ta ji daɗin kallon. Sai Illa ya jiƙa wandonsa.

"Riƙe mini shi in ɗauraye a famfo. Don Allah kada ka ba shi abinci."

"Haba, Maman Illa, ni yaro ne?"

Tana bakin famfo tana jiyo kukansa. Tana matse wandon sai ta ji kukan ya ɗauke. Shirun ne ya juyo da ita. Ta tarar da Illa a cinyar Sallau yana lasar leɓe, farin abu a gefen bakinsa, ga ƴar gorar roba a ƙasa an sha kusan rabi. Sallau sai murmushi yake kamar wanda ya yi abin kirki.

"Me ka ba shi?"

"Rubutu ne. Jiya na je har Tsauni wurin Malam, ya rubuta masa na tsari. Na ba shi a ruwa ya tofar, sai na zuba masa a fura. Kin ga ya shanye, ya yi shiru."

"Fura," ta ce.

"Ai ba abinci na ba shi ba, ayar Allah ce. Furar don ya wuce ne kawai."

Masu karatu, kada ku zage shi. A garin nan wa ake kaiwa gaban wuƙa ba a ba shi rubutu ba? Ni ma na sha, nawa ma a kunun tsamiya, na kuma yi amai a kan gadon fiɗa har likita ya yi salati, na tashi abina. Amma ni Shekara ne. Yaro ɗan shekara uku ba ni ba ne.

"Majo ta ce in ya sha wani abu a faɗa," in ji Najaha.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya waiga, ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Ki faɗa a mayar da ku gida? Yau fa motarsu za ta tashi. Sai yaushe kuma, baɗi? Kurɓa nawa ne ma? Kuma ke kina ganin ayar Allah za ta cuci yaro?" Ya zaro hankici ya goge wa Illa baki, ya cusa gorar cikin leda ya tura ƙarƙashin benci da ƙafa. "Rufa mini asiri, kada a ce na zo na ɓata."

Ta karɓi ɗanta ta zauna. Ba wadda ta gani, matar Dungu ma baya ta ba su. Ta tuna hanyar birni, da zaman baranda, da "ki dawo wata rana". Ta tuna kumburin nan yadda kwanan baya ya fara jinkirin komawa. Ta tuna bakin Inna. Ta tuna motocin tasha, da ɗakin gyaɗa in bokal ya daina shigowa. Wata zuciyar ta ce mata ai gaskiyarsa, kurɓa nawa ne, mutane nawa suka sha suka tashi? Ta duba hagu ta duba dama ko akwai wanda za ta tambaya. Mutane cike da baranda, babu nata ko ɗaya. Ta yi niyyar fitowa wurina, sai ƙofa ta buɗe.

"Illa Munkaila!"

Majo ta karɓe shi, ta taɓa goshinsa, ta yi tambayar da take yi wa kowace uwa a bakin ƙofar: "Ya ci wani abu? Ya sha?"

"Ko ɗigo, Majo," in ji Sallau. "Tun jiya."

Majo ta sauko da tabarau. "Kai ne uban?"

"Kusan haka."

Ta dubi Najaha. Najaha ta sunkuyar da kai, Majo ta ɗauka kunya ce. Ta saɓa yaron a kafaɗa, ta juya, ta tura ƙofa da gwiwar hannu. Kan Illa na kwance a kafaɗarta yana kallon uwarsa. Sai ya yi gyatsa, ƴar ƙarama, irin ta wanda ya ƙoshi.

"Majo." Muryar ba ta fita ba. Ta miƙe tsaye. "Majo! Ya sha fura."

Baranda ta yi tsit. Majo ta dawo da baya.

"Yaushe?"

"Yanzu."

"Wa ya ba shi?"

Ba ta ambaci suna ba. Ta sunkuya ta jawo ledar daga ƙarƙashin benci, ta fito da gorar ta ɗaga. Idanu duka suka koma kan Sallau.

"Kusan uba ke nan!" in ji matar Dungu.

Wasu suka tuntsire, wasu suka yi salati. Sallau ya miƙe, ya gyara hula, ya fita. Ta gabana ya wuce, ya tura motonsa.

Majo ba ta tsaya faɗa ba. Ta miƙa wa Najaha ɗanta, ta ɗaga murya, "Lawwali na Dungu, taso!" Kafin ka ce me, an shiga da na uku a madadin na biyu, ƙofa ta rufe. Sannan ta juyo.

"Allah ya yi miki albarka. Ba korarki zan yi ba. Kin koma ƙarshe, sai cikinsa ya sauka, wannan kuwa sai bayan azahar sosai. Amma ban yi miki alkawari ba. Likitoci da la'asar za su kama hanya. In aka gama da sauran da wuri, kuma ba a kawo mana na gaggawa ba, zai shiga. Ko ruwa kada ki ba shi sai na ce."

Najaha ta kwashi ledarta ta koma can ƙarshen benci, inda inuwa ba ta kaiwa.

Haka ta wuni. Ana kira, ana shiga, ana fitowa. Wadda aka gama wa ɗanta ta bi gadon zuwa ɗakin hutu, miji a baya da kwanon abinci. Bencin na ta raguwa. Salularta ta yi motsi a cikin leda, ta zaro da sauri. Inna ce, labari har ya kai gida.

"Najaha, abin da na ji gaskiya ne? Kin tsaya gaban matan ƙauye kin tozarta mutumin da ya je har Tsauni saboda ɗanki? Rubutu ne guba? Ke da ƴan'uwanki da me na raine ku? Ga shi ba a yi wa yaron ba, ga shi kin kori mutum. To ki zauna, gyaɗar ma na son mai gadi."

Sau ɗaya ta saurara ta mayar. Da aka yi azahar ta sake zarowa ta riƙe a hannu. Lokacin bokal ɗinsa ya zo ya wuce. Hotonsa na nan, yana tsaye gaban teburin shayi da butoci a jere, ba saƙo.

Furar ta sauka, yunwa ta dawo wa Illa sabuwa. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe, yana jan hijabinta, yana dukan ƙirjinta. Kukan ya fito da kumburin. Ta kwantar da shi a cinya ta lallaɓa, ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. A lokacin ta ce a ranta shi ke nan, na faɗi gaskiya na kashe shi ta wata hanyar. Ta yi ta masa waƙar reno a kunne har ya lafa, sannan abin ya sulale ya koma.

Majo ta leƙo ta wuce, ta sake leƙowa. Sau ɗaya ta zo ta ɗora shi a ma'auni, wani zuwan ta sa masa allurar nan da ake barin ta a bayan hannu, ta manne. Ba ta ce za a yi ba, ba ta ce ba za a yi ba.

Na bar wa mai rake teburina na shigo.

"Amarya, karɓi goro ki ɗan tauna."

"Yaro na kallo, Kaka."

Na zauna. "Kin yi daidai."

"In ba a yi ba fa?"

Ni da bakina bai taɓa rasa magana ba, a gaban sarki ko a gaban soja, ranar na rasa. Na ɗan zauna, na tashi na koma wurin gorona.

Aka kira la'asar. Yaron da ke gabansu aikinsa ya ja lokaci. Farar motar likitoci ta matso bakin ƙofa, direba ya fara jera akwatuna a baya. Benci ya zama ita kaɗai. Can sai babban likitan ya fito, ya sauke ƙyallen bakinsa, ya ɗaga gorar ruwa ya sha, ya dubi agogo. Najaha ta san irin wannan kallon agogon, ta sha ganinsa. Ta tashi ba tare da an ce mata ba, ta ninke wandon da ya bushe, ta warware zanen goyo.

Sai ga Majo a bayansa.

"Lokotoro, saura guda."

"Majo, hanya fa."

"An auna shi, allura na hannunsa, kayan aiki na kan tebur a dafe. Shiga kawai ya rage. Kafin direba ya gama ɗaure kaya kun gama."

Likitan ya dubi ƙarshen benci. "Ita ce mai furar?"

"Ita ce ta faɗa."

Ya ƙare wa yarinyar nan da ke tsaye da zane a hannu kallo. Ya miƙa wa direba gorar, ya mayar da ƙyallen bakinsa, ya koma ciki.

Majo ta zo ta miƙo hannu. "Ya ci wani abu? Ya sha?"

"A'a, Majo."

"Na yarda."

Ƙofa ta rufe. Tun da aka haifi Illa bayanta bai taɓa zama fayau haka ba. Ta shimfiɗa zanen goyon a baranda ta yi la'asar a kai, ta zauna inda ta sallame. Ba kuka, ba hira, sai ƙarar igiyar direba yana ɗaure kaya. Ta ce ba ta roƙi komai da baki ba, kalmomin ma sun ƙi zuwa, ƙofar kawai take kallo.

Da ta buɗe, Majo ce, gumi a goshinta.

"An gama. Yana barci. Shigo ki zauna kusa da shi. In ya farka ya yi kuka kada ki tsorata, kukan muke jira."

Ta shiga ta same shi kwance a gefe, farin bandeji a inda kumburin yake, ƙirjinsa na hawa yana sauka. Ta sa tafin hannu a kai ta bar shi nan. Motar likitoci ta tashi ba ta ko waiga ba.

Na ba ta lokaci, sannan na leƙa.

"Amarya, akwai mutum bayan katanga. Tun hantsi yake nan. Ya ce kada in faɗa miki sai an fito da yaron."

Ta janye hannunta daga ƙirjin Illa. Sannan ta roƙi matar Dungu, da gadon ɗanta ke kusa, ta sa mata ido, ta fita.

Sallau na zaune a kan dutse gefen motonsa, shadda ta yi ƙura, hula a gwiwa, leɓe a bushe. Ya ɗago ya mayar da kai.

"An yi?"

"An yi."

"Alhamdu lillahi." Ya juya hular a hannu. "Da ba ki faɗa ba, me zai faru?"

"Watakila ba komai. Watakila da yanzu kana cikin masu haƙa kabari."

Ya rufe fuska da hular. Da ya sauke ya ce, "Kin tona ni gaban mata."

"Na tona ka. In ka sake, in sake."

"Inna ta kira ni. Ta ce in yi haƙuri da ke."

"Da ni?"

"Haka ta ce. Ni ban san riƙon yaro ba, Maman Illa. Nawa bai zo da rai ba. Na ga yana kuka, na ga ina da abin da zai sa ya yi shiru."

"Ba furar ce ke cina ba, Sallau. Ba ka sani ba ka ba shi. Amma da na faɗa maka ai ka sani. Ka dubi Majo ka ce ko ɗigo."

Wata akuya ta zo tana shinshinar tayar moton, bai kore ta ba.

"Jibi motarmu za ta tashi," ya ce can. "Zan iya shiga in gan shi?"

"Bai farka ba."

"In ya farka fa?"

Ta dubi tagar ɗakin, ta dube shi. Ta ce mini a lokacin so take ya tambaye ta ko ta ci abinci, kuma tsoro take kada ya tambaya.

"Zauna nan. In na ga zan iya, zan aiko Kaka."

Ta koma ita kaɗai. Shi ya turo moto ya dawo kusa da teburina ya tsuguna. Na ɓare goro na miƙa masa, ya girgiza kai. Masu rake da masu awara suka kwashe kayansu, bakin ƙofa ya watse, ya rage daga ni sai shi. Ita tana ciki, shi yana waje, ni ina tsakani ina yayyafa wa gorona ruwa.

Ladan ya fara gyaran murya ke nan sai muka jiyo shi ta taga. Kuka ne da ƙarfi, a dishe, na wanda ya farka yana neman koko.

Sallau ya zabura ya miƙe.

Na ce, "Zauna, ɗana. Ba a aiko ni ba tukuna."